Ina Kuɗin Tallafin Suke Bi? Fashin Baƙi ga Masu Ƙananan Sana'o'i a Karkara

Wata Alhamis ina dawowa daga kasuwar Maigatari, na ratse ƙauyenmu da ke ƙasar Gumel in gai da gwaggona. Na same ta a tsakar gida tana tuyar ƙuli-ƙuli, hayaƙin kara ya sa idanunta sun yi ja. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta miƙo min wayar jikarta.

"Ɗan nan, duba min wannan. An ce ana raba wa mata masu sana'a dubu ɗari biyar-biyar, amma sai an fara tura dubu biyu kuɗin fom."

Saƙon WhatsApp ne, an liƙa masa tambarin gwamnati. Ana neman lambar BVN da lambar katin cirar kuɗi, sannan a tura saƙon ga mutum ashirin kafin sunan mutum ya fito. Na ce, "Gwaggo, wannan 'yan damfara ne." Ta yi shiru tana juya matsami a cikin mai, can ta ce, "To na ji. Na gaskiyar fa, ina yake? Shekara talatin ina wannan sana'a, kullum rediyo na cewa an ware biliyoyi, ni ko kwabo ban taɓa gani ba."

Tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Dole sai an fara da kalmar kanta, domin "tallafi" a bakinmu buhu ne da muke cusa abubuwa daban-daban a ciki. Akwai kyauta zalla wadda ba a biya. Akwai rance mai sauƙi. Akwai irin wanda za a ce ka kawo wani kaso a cika maka sauran. Akwai kuma kayan aiki ko horo. A takardun masu bayarwa kowanne da sunansa da sharaɗinsa, amma kafin labari ya iso majalisar ƙofar dagaci duk sun koma suna ɗaya, wani ma ya ƙara da cewa "rabonmu ne na arzikin ƙasa".

Wannan ruɗanin ya ci mutane da yawa. Shirin bai wa manoma rance da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, wanda Babban Bankin Najeriya ya ɗauki nauyi, bashi ne tun daga ranar farko: a ba ka iri da taki da magani, ka biya da amfanin gona in kaka ta yi. Manoman shinkafa da yawa sun karɓa da zuciyar kyauta, wasu ma a bakin wurin rabo suka sayar da takin. TraderMoni na naira 10,000 da aka bi kasuwanni ana rabawa a 2018 shi ma rance ne marar ruwa. Haka "kuɗin korona" da aka bayar ta bankin NIRSAL a 2020. Wanda ya ci ya share baki ya manta cewa BVN ɗinsa na maƙale da bashin, kuma tun watan Agusta na 2020 akwai ƙa'idar Babban Banki da ta ba mai bin bashi damar zarar kuɗinsa daga kowane asusu da ke ɗauke da wannan lambar. Shi ya sa za ka ji mutum ya sayar da riɗinsa, an turo masa kuɗi, kafin ya isa wurin mai POS an kwashe. A ƙarshen 2023 Babban Bankin ya daina karɓar sabbin buƙatu a irin waɗannan shirye-shirye. Saboda haka tambayar farko da ya kamata a yi wa duk mai riƙe da fom ita ce: wannan ana biya ko ba a biya? In ya fara kame-kame, to amsar ke nan.

Kyauta zalla daga gwamnatin tarayya akwai ta, sai dai ƙarama ce kuma jefi-jefi take zuwa. A 2020, cikin asusun ceto ƙananan sana'o'i na naira biliyan 75, an bai wa masu sana'ar hannu naira 30,000 kowanne, aka kuma yi alkawarin yi wa sana'o'i 250,000 rajistar suna kyauta. A jawabinsa na 31 ga Yuli 2023, bayan cire tallafin man fetur, Shugaba Tinubu ya sanar da naira 50,000 ga masu 'yan ƙananan sana'o'i miliyan ɗaya a ƙananan hukumomi 774. Miliyan ɗaya na da daɗin ji, amma ƙidayar da hukumar raya ƙanana da matsakaitan sana'o'i, SMEDAN, ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Najeriya sun kusa miliyan 40. Ko da an yi rabon tsakani da Allah, cikin mutum arba'in ɗaya ne zai samu. Gwaggo ba a yi mata baƙin ciki ba, lissafin ne haka. Ballantana kuma in jerin sunaye ya bi ta hannun 'yan siyasa, wannan wani karatun ne da kowa a karkara ya haddace.

Akwai kyauta mai kauri, amma ta gasa ce. Gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 take bai wa waɗanda suka yi nasara dala 5,000, ba a biya, kuma ana buɗe shafin nema ranar 1 ga Janairu kowace shekara. A zamanin Jonathan an yi gasar tsarin kasuwanci ta matasa mai suna YouWiN, wanda a zagayensa na farko a 2011 mutum kusan 24,000 suka nema, 1,200 suka samu, kuma binciken da Bankin Duniya ya bi sawunsu da shi ya nuna sana'o'insu sun fi ɗorewa, sun fi ɗaukar ma'aikata. Irin wannan na son rubutaccen tsarin kasuwanci da intanet da haƙurin zama horo na makonni. Ba na Gwaggo ba ne kai tsaye, amma na jikanta ne da ya gama kwalejin kimiyya da fasaha ta Haɗejiya yana zaune yana jiran aikin ofis, alhali sana'ar da zai rubuta a kai tana tsakar gidansu. Wani abu da mutanenmu ba su cika lura da shi ba: fom ɗin Elumelu ba da Turanci kaɗai ake cika shi ba, har da Faransanci da harshen Fotugal da Larabci. Ɗalibin Islamiyya da Larabcinsa ya nuna bai da dalilin ja da baya.

Yanzu ga inda ainihin kuɗin karkara suke, kuma nan ne na fi so a tsaya. Mafi yawan abin da ke isa ƙauye da sunan kyauta yana fitowa ne daga manyan ayyukan da Bankin Duniya ko Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ko asusun raya aikin gona na Majalisar Ɗinkin Duniya, IFAD, ke sa wa kuɗi. A wurin gwamnati galibi bashi ne da za ta biya, a wurin manomi ko mai sarrafa amfanin gona kuma kyauta ce ko cikon kaso. Aikin Fadama ne uwarsu, tun shekarun 1990, shi ya koya wa mutanen bakin kogin Haɗejiya da Kano kalmar "ƙungiyar masu amfani da fadama". Bayansa an yi APPEALS, aikin bunƙasa noma da sarrafa amfanin gona, na dala miliyan 200, an yi NG-CARES na dala miliyan 750 da aka tsara don farfaɗowa daga korona, ga ACReSAL na dala miliyan 700 da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja kan gyaran ƙasa da ruwa, an kuma yi aikin noma da kiwo na jihar Kano, KSADP, na dala miliyan 95, wanda ƙungiyar Sasakawa ta riƙe ɓangarensa na amfanin gona.

Waɗannan ayyuka suna da halaye uku da in mutum bai san su ba zai yi ta zarya a banza. Na farko, kowanne da iyakarsa a taswira. APPEALS jihohi shida ya shafa, akwai Kano babu Jigawa. CASP, aikin IFAD na noma da jure sauyin yanayi, kuwa jihohi bakwai, akwai Jigawa babu Kano. Mutumin Ɓaɓura da na Ɗambatta kasuwa ɗaya suke ci, amma abin da ya halatta ga wannan a takarda ya haramta ga wancan. A cikin jihar ma sau da yawa ƙananan hukumomi ake zaɓa. Na biyu, kowanne da amfanin da ya ɗauka. A Kano APPEALS shinkafa da alkama da tumatir ya kama, don haka mai turara shanshera a Kura ta shiga, mai man gyaɗa ba ta shiga ba komai ƙwazonta. Kuma kowanne da wa'adinsa, shekara biyar zuwa bakwai, ya rufe. Mutane kan ji labarin aiki ne a shekararsa ta ƙarshe, lokacin da ake ta bikin miƙa kaya a talabijin, alhali sunayen an ɗauke su tun shekara biyu baya.

Hali na uku shi ne mafi muhimmanci: galibi ba sa mu'amala da mutum ɗaya. Ƙungiya suke nema mai rajista, mai shugabanni, mai asusun banki, mai littafin taro. Dalilin ba boyayye ba ne. Ma'aikacin da ke Dutse ba zai iya bin mata dubu gida-gida ya ga ko injin na nan ko an sayar ba, amma zai iya bin ƙungiya arba'in. Sannan sukan ce ƙungiya ta ajiye nata kason kafin a saki nasu, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma an ga bambancin yadda ake riƙon injin da aka sa gumi a ciki da wanda ya faɗo daga sama. Illar tsarin ita ce ƙungiyoyin dare ɗaya. Da an ji ƙishin-ƙishin, sai wani mai wayo a hedikwatar ƙaramar hukuma ya tattara sunayen matansa da ƙannensa, ya buga hatimi, ya karɓi injin casar shinkafa alhali bai taɓa riƙe rariya ba. Masu sana'ar gaskiya suna can suna aiki, ba su da takarda. Maganin wannan a hannunsu yake, kuma ba ya jiran a sanar da wani shiri: matan da suka shekara goma suna adashi tare ƙungiya ce tuni, abin da ya rage su je sashen ƙungiyoyin gama kai na jiha a ba su satifiket. Wadda aka yi wa rajista shekara uku da suka wuce, da tarihin shige da fice a asusunta, ba ta haɗa hanya da wadda aka haifa jiya.

Ina ake jin labari da wuri? Ba a Facebook ba. Sashen gona na ƙaramar hukuma, ofishin shiyya na hukumar raya aikin gona ta jiha, wato JARDA a Jigawa ko KNARDA a Kano, da malamin gona in Allah ya sa yankinku na da shi. Zuwa da kai ya fi saƙo. A je a tambayi wane aiki ne ke raye yanzu a wannan ƙaramar hukuma, wane amfani ya ɗauka, yaushe za a ɗauki sabbin ƙungiyoyi. A bar lambar waya, a koma bayan wata guda. Ma'aikacin da ya saba ganin fuskarka shi zai tuna da kai ranar da aka ce ya kawo sunaye kafin Juma'a.

Maganar takardu ba ta da daɗi amma gajera ce: NIN, BVN, asusun banki da sunan mai sana'a, da layin waya da ke hannunsa. Rajistar SMEDAN ana yin ta ta waya. Ta hukumar rajistar kamfanoni, CAC, sai an tashi neman abu mai girma. Abin da ya fi kayar da mutanenmu a nan shi ne suna. Mace Hauwa'u ce a katin ɗan ƙasa, Kulu ce a banki, ga sunan uba a nan, sunan miji a can, ranar haihuwa kuma kowane ma'aikaci ya ƙaga tasa. Kwamfuta ba ta san Kulu ita ce Hauwa'u ba, sai ta tsallake ta, ba wanda zai kira ya yi bayani. Wasu kuma layin da suka bayar na wani yaro ne da ya tafi ci-rani Legas.

Sai littafi. Gwaggo ta san kwalba nawa na mai take samu a tiya goma ta gyaɗa, ta san wace gyaɗa ce mai mai da wadda sai tunkuza, ta san watan da ƙuli ke kwantai. Duk a ka. Mai ba da kuɗi kuwa ba ya ganin cikin ka. Littafin makaranta mai shafi arba'in, a riƙa rubuta abin da aka saya da abin da aka sayar kowace ranar kasuwa, da boko ko da ajami, in ya yi wata shida ya fi kowace doguwar wasiƙar roƙo nauyi.

Daga nan ne maganar bincike ke shigowa, wadda ni a ganina ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Muna zaune a tsakiyar cibiyoyin da wasu ƙasashe ke sha'awa, amma ba mu ɗauke su namu ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda tushenta ya koma 1922, tana da tashar binciken noman rani a Kadawa. Cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, duk suna da ofis a Kano, ta farko ta yi suna a kan wake, ta biyu a kan dawa da gero da gyaɗa. Jami'ar Bayero ta buɗe cibiyar noman yankuna masu ƙarancin ruwa a 2012. Hukumar binciken adana amfanin gona, NSPRI, na da reshe a Kano. Majema da dukawa suna da cibiyar fasahar fata a Zariya. Ba kuɗi suke rabawa ba, shi ya sa ba a cika layi a ƙofarsu, amma abin da suke da shi kan fi dubu hamsin amfani.

Ɗauki gyaɗa. Dattawa na tuna annobar kuturtar gyaɗa ta 1975 da ta taimaka wajen rushe dalar gyaɗa. Masu bincike sun yi shekaru suna aiki har suka fitar da iri irin su SAMNUT 24, mai saurin nuna, mai jure wannan cuta, mai yawan mai. Ga mai matsar mai, sanin wane manomi ne ya shuka wannan irin riba ce kai tsaye a kowace tiya. Akwai kuma gubar fumfuna da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba, wadda ke lahanta hanta, kuma ita ke sa manyan masu saye su ƙi kaya. IITA ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage ta. Ko wake: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya da ake zuba wa buhu, alhali ga buhun PICS mai ninki uku da ke kashe ƙwaro da rashin iska, ba magani ko ɗigo. Ƙungiyar da ta rubuta a takardar nemanta cewa da irin wannan buhun za ta adana, kuma ga inda ta koya, mai tantancewa ya san da masu sani yake magana.

Wani gefen da nake jin haushinsa: duk shekara ɗaliban jami'o'in Dutse da Kafin Hausa da Wudil da kwalejin gona ta Ɗambatta suna shigowa ƙauyuka da takardun tambayoyi, a shimfiɗa musu tabarma, a ba su fura, su kwashi bayani su tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu. Babu laifi sakataren ƙungiya ya ce, "Malam, za mu amsa, amma in ka gama ka kawo mana kwafi, ka kuma taya mu lissafin kuɗin da muke kashewa a kan kowane galan." Ciniki ne mai kyau, kowa ya amfana.

Binciken kasuwa kuma ba ya buƙatar digiri. Yini guda a Dawanau kusa da dillalan riɗi da zoɓo, mutum na kallon abin da ake rage wa kuɗi saboda ƙasa ko danshi, ya isa ya sauya yadda yake shanya. Mai kiwo ya je Wudil ranar Juma'a ya ga irin ragon da 'yan Kudu ke rububi.

Amfanin duk wannan shi ne mutum ya san abin da zai roƙa. An saba da an ce "me kuke so?" sai a ce inji. Na ga injinan da aka kawo ƙauyen da rabonsa da wutar lantarki an manta, na ga waɗanda bel ɗaya ya tsinke aka rasa irinsa har tsatsa ta cinye su, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. Da muka zauna da Gwaggo muka bi sana'arta daki-daki, sai ga shi matsalarta ba inji ba ce, akwai mai markaɗe a bakin kasuwa. Matsalarta ita ce tana sayen gyaɗa tiya-tiya duk mako, har cikin bazara da damina lokacin da ta yi tsada, maimakon ta sayi buhuna da kaka ta ajiye. Jari take buƙata na wata shida, da wurin ajiya marar danshi. Wannan kuwa da wuya a same shi a matsayin kyauta. Ya fi kama da aikin adashi mai ƙarfi, ko rance.

Da na ambaci rance ta ɗaga hannu. "A'a ɗan nan, ban ci kuɗin ruwa da ƙuruciya ba, ba zan ci da furfura ba." Wannan damuwa ce ta gaske da ke hana dubban mutanenmu kusantar banki, kuma masu tsara shirye-shirye a Abuja ba kullum suke lissafi da ita ba. Amma yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da ribar da aka sani, ka biya a hankali, wato murabaha da ke cikin littattafan fiƙihu. Rassansu a birane suke, kuma su ma ƙungiya mai tarihi ta fi saurin samun kunnensu. Akwai kwamitocin zakka na masarautu da hukumar zakka da hubusi ta Kano, waɗanda wani lokaci jari suke bayarwa ba hatsi kaɗai ba. Jigawa ma ta taɓa gwada wata dabara a zamanin Gwamna Badaru: awaki uku-uku ga mata, in sun hayayyafa a mayar a ba wasu. An yi ta yi wa shirin dariya a birni, amma a ƙauye kowa ya san akuya ita ce bankin mace.

Kafin in tashi ranar, na aiki yaro kanti ya sayo littafi da biro, jikarta ta ja layi uku: gyaɗa, mai, ƙuli. Matan adashinsu su goma sha bakwai ne. Da aka tattara katunansu aka duba, shida sunansu na banki bai yi daidai da na katin ɗan ƙasa ba, Gwaggo na ciki, don haka aikin farko ya zama hayar mota zuwa Gumel gyaran suna, rajistar ƙungiya sai bayan an gama wannan. Malamin gona ya ce su neme shi in an kawar da amfani. Dubu biyun kuɗin fom kuwa ta kunce su daga bakin zane ta ba jikar, ta ce a kai wa uwar adashi zubin wannan makon.